Roba, Ƙarfe, Injin 3D ko Takarda: Da Wanne Za a Fara Wasan Yaƙi na Kan Tebur a Kumasi?

Wani ƙanena ya shafe kusan wata biyu yana kallon bidiyon mutanen da ke jera ƙananan sojoji a kan tebur, suna auna tazara da tef, suna jefa ƙwayar lido domin a san wanda harbinsa ya samu. Da ya tara ɗan abin da ya tara sai ya same ni a gida ya ce, "Yaya, kuɗin nan ba za su sayi komai da komai ba. Kwalin sojojin roba zan yi oda, ko na ƙarfen nan na Sifen, ko kuwa in ƙara haƙuri in sayi injin da ke fitar da su?" Amsar da na ba shi ce na faɗaɗa a nan, saboda yawancin shawarwarin da ke intanet an rubuta su ne domin wanda ke da shagon kayan wasan a ƙarshen layinsu, mu kuwa kowane soja ɗaya sai ya hau jirgi kafin ya iso Asawase ko Aboabo.

Mutane da yawa suna ɗauka cewa wannan wasa na kamfanin Games Workshop ne na Ingila, mai Warhammer, alhali tushensa na zamani daga ƙasar Furusiya yake, cikin Jamus ta yau. Wani jami'i mai suna Reisswitz ya gabatar wa sarkinsu wasan Kriegsspiel a 1812, ɗansa ya gyara dokokin ya buga su a 1824, rundunar ƙasar ta ɗauke shi a matsayin hanyar horar da hafsoshi, kuma bayan Furusiya ta ci Faransa da yaƙi a 1870 zuwa 1871 sai sauran rundunonin duniya suka shiga kwaikwayo. Har yau Italiya da Sifen da Faransa da Folan da Rasha da Sin suna da babban kaso a sana'ar, kuma daga wajensu ne zaɓuɓɓuka huɗun da zan auna suka fito.

Ma'aunan da na yi amfani da su

Na farko shi ne kuɗin da za a kashe kafin a buga wasa na farko, ba kuɗin kwali ɗaya ba. Wannan bambanci yana da girma a wurinmu, domin babu tabbacin za ka samu abokin wasa da ya riga ya mallaki tasa rundunar, saboda haka lissafinka ya zama na runduna biyu, da fenti, da gam, da kuɗin jigila, da na kwastam, wanda ake lissafa shi a kan darajar kaya haɗe da kuɗin ɗauko su.

Na biyu shi ne ƙarko a yanayin Kumasi: laimar damina biyu da muke yi a shekara, ƙurar hunturu, da kuma hannun yara a gidan haya mai tsakar gida ɗaya. Na uku shi ne sauƙin farawa, wato aikin da ke tsakanin buɗe kwali da zama a tebur. Na huɗu shi ne haɗari, na lafiya da na asarar kuɗi.

Akwai na biyar wanda ba za ka gan shi a shawarwarin Turawa ba, shi ne karɓuwa a gida. A Zango akwai iyayen da ba sa son a ajiye siffar mutum a ɗaki, akwai kuma waɗanda da sun ga ƙwayar lido zuciyarsu za ta tafi ga caca. Babu kuɗin da ake zubawa a wannan wasa, aikin ƙwayar kawai ta tsaya a madadin abin da ba a iya sani a fagen fama. Hukuncin siffa kuwa na malamai ne, kuma ya fi kyau mutum ya tambayi malaminsa kafin ya kashe kuɗi, ba bayan kaya sun iso ba. Abin da zan iya ƙarawa shi ne Kriegsspiel na asali ba shi da siffar mutum ko ɗaya. Ƙananan tubala ne ja da shuɗi a kan taswira, tare da alƙali mai yanke hukunci, kuma har yanzu ana iya buga wasan haka, ko a buga shi da tankoki da jiragen ruwa kawai.

Sojojin roba masu ma'aunin 1/72

Ma'anar 1/72 ita ce an rage girman mutum sau 72, sai soja ya fito da tsawon milimita 23 zuwa 25, kusan gaɓar yatsa ɗaya. Ga biyu daga cikin fitattun masu yin su: Italeri, wanda aka kafa a 1962 kuma yake kusa da birnin Bolonya a Italiya, da Zvezda na garin Lobnya kusa da Mosko, wanda ya fara a 1990. Kwalin sojojin ƙasa na Italeri yakan ɗauki mutum 40 zuwa 50, farashinsa a shagunan Turai yakan kama tsakanin yuro 10 zuwa 15, wanda ke nufin kwali biyu sun ba ka ɓangarori biyu na ƙaramin yaƙi. Ba su da nauyi, don haka ɗan uwa da zai dawo daga Italiya ko Jamus zai iya cire su daga kwali ya zuba a leda ya cusa a gefen akwati ba tare da sun ci masa kilo ba. Ga mutanen Zango, waɗanda da wuya a rasa wani nasu a Turai, wannan ita ce hanya mafi araha, ta fi aikowa ta gidan waya nesa ba kusa ba.

Ta fuskar ƙarko, robar ba ta tsatsa, ba ta jin laima, idan ta faɗo daga tebur ba ta karyewa. Matsalarta tana wajen fenti. Yawancin waɗannan sojoji da roba mai laushi ake zuba su, wadda fenti da gam ba sa kama ta da kyau. Kwalin farko da na taɓa yi wa fenti, ban wanke shi ba. Na kwana uku ina bin riguna da huluna da ɗan burushi, ranar wasa kuwa da abokina ya ɗaga soja ɗaya ta bakin bindiga sai bindigar ta lanƙwasa, fentin ya ɓare kamar ɓawon gyaɗa ya bar shi a yatsunsa. Maganin abin ba shi da tsada. A wanke su da ruwan ɗumi da sabulun wanke kwanuka domin a cire maiƙon da ke zuwa daga masana'anta, a bar su su bushe, a shafa farin gam na kafinta da aka sirka da ruwa, sannan a yi fenti, a rufe da wani shafin gam ko banish. A manna kowane soja a kan zoben ƙarfen nan da makanikai ke kira wosha, wanda ake samu da yawa a Suame Magazine, domin ya tsaya da nauyinsa kuma a riƙa ɗaukarsa ta gindi.

Babbar fa'idar wannan zaɓi a ganina ita ce bai ɗaure ka da kamfani ɗaya ba. Sojan Rum ko mahayin Larabawa ko mayaƙin Zulu na kowa ne, za ka iya gauraya na kamfanoni dabam-dabam, ka buga su da dokokin da ka ga dama: Saga na kamfanin Studio Tomahawk na Faransa, wanda ya fito a 2011 kuma mayaƙa 30 zuwa 50 sun isa ɓangare ɗaya, ko L'Art de la Guerre, shi ma na Faransa, mai kula da yaƙe-yaƙen zamanin da. Dukansu an fassara su zuwa Turanci. Zvezda ma yana da nasa wasan mai suna Art of Tactic, da ƙananan kwalaye na roba mai tauri da ake haɗawa ba gam, sai dai tun 2022 biyan kuɗi da ɗauko kaya kai tsaye daga Rasha sun yi wuya saboda takunkumi, don haka sai ta hannun dillalan wasu ƙasashe.

Abin da za a rasa shi ne kyan sassaƙa. Fuskar soja mai milimita 24 ɗigo ce kawai, kuma wanda zanen fenti ne ya ja shi zuwa wannan sha'awa zai ga filin aikin ya yi masa kaɗan.

Sojojin ƙarfe na Infinity

Corvus Belli kamfani ne da ke yankin Galisiya na Sifen, kuma tun 2005 yake fitar da wasan Infinity, wanda labarinsa ke faruwa a zamani mai zuwa. Yawancin sojojinsa da gaurayen kuza ake zuba su, sun fi na 1/72 girma, kuma sassaƙarsu tana cikin mafi kyau a duk sana'ar. Ana ganin igiyar takalmi da maɓallin jaka. Ba runduna ake tarawa ba, mutum 10 zuwa 15 ne a kowane ɓangare, kuma kamfanin yana ba da dokokin kyauta a intanet tare da manhajar tsara runduna. Wasan yana da wani tsari da nake so ƙwarai: ko a lokacin da abokin karawarka ke motsa nasa, sojanka da ya hango shi yana da damar mayar da martani, saboda haka babu wanda ke zaman jira.

Tsadar ita ce matsala. Soja ɗaya yakan kai ko ya wuce kuɗin kwalin roba mai mutum 48, akwatin farawa na mutum biyu kuwa yakan haura yuro 100 kafin a zo maganar jigila, ga shi ƙarfe yana da nauyi. Haɗa su ma aiki ne, domin hannu da bindiga sukan zo dabam, sai an manna da sufa gulu, wani lokaci sai an huda an sa siririyar waya. Idan ya faɗo a kan siminti hannun zai fita, fentin gefuna ya goge, ko da yake ƙarfen kansa zai yi shekaru aru-aru. Sannan wasan yana buƙatar ƙwaya mai fuska 20, wadda ba ta cikin kwalin lido, da tebur mai kusan santimita 120 kowane gefe cike da gine-gine, in ba haka ba wanda ya fara harbi shi ke cinyewa. Gine-ginen ba abin damuwa ba ne, kwalayen sabulu da na taliya daga kasuwar Kejetia sun wadatar. Dokokin ne suke da zurfi, kuma koya wa abokai a majalisar shayi zai ɗauki makonni.

Akwai haɗarin da ya kamata a sani game da duk wasan da kamfani ɗaya ke riƙe da shi. Kamfanin Rackham na Faransa ya yi tashe da wasan Confrontation, sojojinsa na ƙarfe sun yi suna a duniya, daga baya ya koma roba mai zuwa da fenti, magoya baya suka watse, aka rufe shi a 2010. Waɗanda suka tara rundunoni sun wayi gari babu sababbin kaya kuma abokan wasa suna raguwa. Corvus Belli ya daɗe yana tsaye, amma wanda zai zuba kuɗinsa ya san cewa sojan Infinity na Infinity ne.

Injin 3D mai aiki da resin

Wannan shi ne zaɓin da ya fi jan hankalin matasa, kuma shi na fi jan kunne a kansa. Kamfanonin Elegoo da Anycubic na birnin Shenzhen a Sin, da Phrozen na Taiwan, suna sayar da ƙananan injuna da ke daskarar da wani ruwa mai suna resin da haske, shafi bisa shafi, kowane shafi kusan milimita 0.05, har soja ya fito. Ƙaramin inji yakan kama dala 200 zuwa 300, litar resin dala 20 zuwa 40, kuma lita ɗaya tana fitar da sojoji fiye da ɗari. Zanen sojojin fayil ne da ake saukewa, masu sassaƙa irin su Titan Forge na Folan da Artisan Guild na Italiya da Loot Studios na Barazil suna sayar da su ta biyan kuɗin wata-wata. A kan takarda lissafin yana da daɗi: ka biya kwastam sau ɗaya, daga nan sai dai data.

A aikace abin ya fi haka. Resin kansa sai an yi odarsa, kuma da yake ruwan sinadari ne masu jigilar sama da yawa ba sa karɓarsa, sai a jira jirgin ruwa ta Tema. Ana buƙatar sinadarin wanki, da fitilar ƙarasa daskarwa, da safar hannu, sannan fatar ƙasan kwanon da ake zuba resin a ciki da gilashin hasken suna ƙarewa, sai an sauya. Bugu ɗaya yakan ɗauki awa biyu zuwa huɗu, idan aka ɗauke wuta a tsakiya aikin ya lalace, don haka batirin ajiyar wuta ya shiga lissafi. Zafin garinmu dai alheri ne a nan, domin resin ya fi gudana a ɗumi. Sojan da ya fito yana da kyau kamar na ƙarfe, amma yana da gautsi, takobi da mashi suna karyewa da ƙaramar faɗuwa.

Maganar lafiya ita ce ta fi komai nauyi. Ɗanyen resin yana ƙona fata, yawan taɓa shi yana jawo ƙaiƙayin da kan zauna wa mutum, warinsa ba na ɗakin kwana ba ne, ruwan wankinsa kuma bai halatta a zuba shi a kwata ba sai an shanya shi a rana ya daskare. Wanda ke zaune a ɗaki ɗaya ko ciki da falo tare da iyali, yara na rarrafe, kada ya shigo da wannan inji gida ko da kyauta aka ba shi. Wanda ke da shago ko wani ɗaki dabam mai iska, kuma yana tunanin buga wa wasu su biya, shi ne abin zai yi wa amfani, da sharaɗin ya sayi lasisin kasuwanci, domin fayil na amfanin kai bai ba da izinin sayarwa ba.

Sojojin takarda

Kada a raina wannan. Gidan ɗab'in Pellerin na garin Épinal a Faransa, wanda aka kafa a 1796, ya shafe ƙarni na 19 yana buga shafukan sojoji masu launi da yara ke yankewa su tsayar. Yau ana sauke zane, a kai wurin masu buga takardu a Adum ko wajen jami'ar KNUST, a manna a kwali, a yanke da almakashi, a tsayar a kan wosha. Da yamma ɗaya da 'yan sidi kaɗan an samu runduna biyu, babu kwastam babu jira. Laima tana lanƙwasa su, kyankyaso da gara suna son gam ɗin, don haka a ajiye su a robar abinci mai murfi, wanda ya lalace kuma a sake bugawa.

Takarda tana da wata daraja da sauran ba su da ita. Ba za ka samu mayaƙan Asante a kwalayen Italeri ko Zvezda ba, amma mai iya zane zai iya fitar da yaƙin Amoaful na 1874, ko kewaye ganuwar Kumasi a yaƙin Yaa Asantewaa na 1900, ko yaƙin basasar Salaga na 1892 da ya watso kakannin da yawa daga cikinmu zuwa kudu. Tsohuwar ganuwar tana nan a tsakiyar gari, ta zama gidan tarihin soja, mutum zai iya zuwa ya ga bindigogi da tufafi da idonsa kafin ya zana. Tarihi ne mai nauyi, tunda akwai sojojin Hausa a ɓangaren Ingila a yaƙe-yaƙen 1874 da 1900, kuma wanda zai buga shi da maƙwabtansa Asante ya buga shi da ladabi. Wanda ke son sarki a ƙarƙashin laima da zai tsaya a tsakiyar runduna, maƙeran tagulla na Krofofrom suna zuba ƙananan siffofi da hanyar kakin zuma irin wadda aka yi ma'aunan zinariya da ita, kuma da yake ana fasa tukunyar zubin kowane lokaci, aikinsu ya dace da guda ɗaya ko biyu, ba runduna ba.

| Zaɓi | Kuɗin farawa | Ƙarko | Sauƙi | Babban haɗari |
|---|---|---|---|---|
| Roba 1/72 | Kaɗan | Sosai, in an gyara fenti | Mai sauƙi | Ɓarewar fenti |
| Ƙarfe na Infinity | Mai yawa | Sosai, amma gaɓoɓi na fita | Mai wuya | Rashin abokin wasa |
| Injin 3D | Mafi yawa | Gautsi | Mafi wuya | Lafiya da yanke wuta |
| Takarda | Mafi ƙaranci | Kaɗan | Mafi sauƙi | Laima da ƙwari |

Kuɗin fenti bai shiga wannan jadawalin ba domin ukun farko duk suna buƙatarsa. Vallejo na Sifen shi ne aka fi sani, ƙaramar kwalba kusan yuro 3, kuma launi takwas sun isa farawa. Ga sojojin roba, fentin akirilik na masu zane da ake samu a shagunan kayan makaranta yana aiki idan an sirka shi. A hunturu fenti yana bushewa a kan burushi, sai a shimfiɗa jiƙaƙƙen tsumma a faranti a ɗora takardar gashin burodi a kai a riƙa zuba fentin a nan.

Wanne ya dace da wa

Wanda bai taɓa bugawa ba, ko bai tabbatar yana da abokin wasa ba, ya fara da takarda ya buga sau biyar ko shida. Idan abokan sun dawo da kansu suna tambayar yaushe za a sake, sannan ya yi oda. Malamin makaranta da ke son ɗalibai su fahimci tarihi, da mai son yaƙe-yaƙen ƙasarmu, su ma takarda ce tasu. Wanda gidansu ba a yarda da siffa ba ya je wurin kafinta a yanka masa tubala ja da shuɗi, ko ya tsaya a kan tankoki da jirage.

Wanda ke son ganin runduna sahu-sahu, yana da matsakaicin ƙarfi, kuma yana da mai kawo masa saƙo daga Turai, ya ɗauki roba 1/72, kwali biyu na ɓangarori masu gaba da juna a zamani ɗaya. Wanda zanen fenti ne burinsa, yana da haƙurin karatun dokoki, kuma akwai aboki ɗaya da ya yi alkawarin raba kuɗin akwatin farawa da shi, Infinity zai gamsar da shi. Injin 3D kuwa na mai shago ne, ko ƙungiyar mutum huɗu ko biyar da za su haɗa kuɗi su ajiye shi a wurin da ba a kwana.

Ƙanena ɗaki ɗaya gare shi, yana da ɗa mai shekara biyu, abokansa biyu ne suka nuna sha'awa. Na ce ya ajiye maganar inji, ya buga sojojin takarda a wannan makon, ya kuma aika wa ɗan baffanmu da ke Italiya sunan kwali biyu na Italeri ya taho da su idan zai zo Sallah.